Albasar Jamus da Kifin Gaya

Zuwa ga Asma'u, sanyin idona, inuwar giginyar bakin kogi, ruwan randa da tsakar rana!

Gaisuwa mai tarin yawa daga Jamus, inda Kaftin da nake yi wa kuku tun a Gaya ya kawo ni. Takardarki ta iso. Kin ce kin ji ina koyon Jamusanci, ke nan na yi niyyar zama, don haka in faɗa miki gaskiya ko ki daina jira. Haba, Asma'u! Kin san abin da na koya?

Na koyi "gutan tak", gaisuwarsu ke nan kaf, ba ina gida, ba ina gajiya. Na koyi "bas kostat das", wato nawa ne wannan. Albasa "tsuwibal", dankali "kartofal". Madam, matar Kaftin, ce ta rubuta mini su don cefane, ina tafe ina maimaitawa, mutane na kallona kamar taɓaɓɓe.

Makon jiya na shiga butik ɗin wata tsohuwa. Ta auna mini albasa kilo guda, ta cire babba, ta sa ƙarama, har allurar sikeli ta tsaya cak. Ni kuwa ɗan Gaya, na buɗe bakin jaka ina jiran gyara. Ta dube ni, na dube ta. Da na ji shiru, na ɗauki ƙwaya ɗaya ina murmushi, yadda muke yi. Wayyo kunya! Ta buge mini hannu, ta ɗaga murya, duk masu layi suka juyo. Na ce "danke", wato na gode, don ita kaɗai ta rage a bakina.

Ban riƙe ta ba. Ta ga yaƙi, ta ga yunwa, awonta kuma ba cuta. Amma a hanyar gida ke na tuna. Kin tuna ranar da na fara tsayawa gaban tirenki na busasshen kifi? Kika yi mini gyara, kika ƙara, na ce ya isa, kika sunkuyar da kai kika ƙara na uku. Wace kalma ce za ta faɗa mini abin da hannunki ya faɗa ran nan? Kewarki tana cina, Asma'u, ba na ɓoyewa.

Kaftin ya nemi in ƙara shekara biyu, na ce a'a. Ya fusata, ya ce ba takardar shaidar aiki, ba kuma wanda zai ɗauke ni kuku ko a Doso. Zan hau bato, jirgin ruwa, zuwa Kotonu bayan damina, in sauka Gaya hannu rabbana, ba aiki, ba akwati. Gaskiyar da kika nema ke nan. Za ki karɓe ni haka?

Ko kin ce e, ko kin ce a'a, na riga na ɗaure kayana.

Naki har numfashin ƙarshe,
Hamidu