Gardi Ya Fizgo Kaka Daga Kan Jaki

Magariya, daren Laraba

Da hantsi muna kan hanyar Dantchiao ni da Kaka, shi a kan jakinsa, sai ga motar kumandan, baturen mulki. Kowa ya san doka: a sauka daga jaki, a tuɓe hula. Ciwon gwiwa ya hana Kaka saurin sauka, wani gardi, ɗan sandan kumandan, ya fizgo shi ƙasa. Ni kuwa tuni na durƙusa, ba wanda ya ce in yi.

A lakwal, makarantarmu ta boko, an taɓa karanta mana koyarwar wani malamin Hindu, cewa ran mutum 'yantacce ne, tsoro kaɗai ke ɗaure shi. Na haddace, na fi kowa maki. Amfanin me, tunda Kaka na kwance ina kallon ƙasa?

Na ce wa Inna na daina durƙusawa. Ta ce, "To, uwar masu zuciya. Su kore ki daga lakwal, ga turmi na jiranki."

Gobe ni zan ja jakin Kaka zuwa likita, kuma hanyar ta ƙofar kumandan ta bi. Inna ta ce mu zagaya ta bayan kasuwa. Ba zan zagaya ba.