Ciki Ya Zauna a Kan Ɗinkin Tiyata

Anti, ki taimake ni. Ranar Alhamis ake son amsata, ni kuwa zuciyata tafasa take.

Ni tela ce. Da tiyata aka ciro 'yata, tana shekara biyu Allah Ya karɓi abarsa. Tabon nan da 'yan rigunan da na ɗinka mata kaɗai suka rage mini. Yanzu ina da ciki na sati bakwai, aka yi hoto, wai a kan ɗinkin ya zauna. Da idona na ga zuciyarsa tana bugawa. Likita ko kallona bai yi ba, maigidana yake yi wa bayani, kamar ni kujera ce. Wai ko allura, ko a zuƙe, ko a yanke wurin a sake ɗinkewa. Duk dai a raba ni da shi. Na ce a matsar da shi sama mana, ai ni ma in aljihu ya karkace, farkewa nake in gyara masa zama. Sai likitan ya yi murmushi. Murmushi fa! Maigidan har ya karɓi biro zai sa hannu a takardar amincewa, na fizge ta. Yayata wai in yi haƙuri, wani zai zo. Haka suka ce ranar da aka ɗauki waccan. In na ƙi, me zai faru?

Mai Keken Ɗinki

Ƙanwata, Allah Ya jiƙan 'yarki. Kina da gaskiyar yin fushi: jikinki ne, ke za a yi wa bayani. Amma amsar da ɗaci, ba a iya matsar da ciki. Kin fi ni sanin tsohon ɗinki in kaya ya yi masa nauyi. Wurin na iya yagewa, ko mabiyiya ta kafe, jini ya ɓalle, a cire mahaifa ko a rasa ki. Wasu sun jira sun haihu, amma da yawansu sun rasa mahaifar. Maigidanki kuwa tsoro ne ya miƙa masa biro. Ya binne 'ya, ba ya son binne uwarta.

Ki koma, ko ki ga wani likitan mata. Ki tambayi inda cikin ya dosa, kaurin naman da ya rage, da hanyar da za ta fi tsare miki mahaifa. Allura kaɗai takan ƙi ci in zuciyar ɗan tayin ta fara bugawa. Kada ki wuce Alhamis. In kin ga jini ko ciwo mai tsanani, asibiti nan take.

Ki yi kukan wannan ma, naki ne. Takardar kuwa, a karanta miki kina kallon likita, biron yana hannunki. Allah Ya sanyaya miki zuciya, Ya tashe ki lafiya.