Tagar da Na Auna Miki

Zuwa ga sanyin idona, farin watan da ke leƙo ni ta saman kwanon shagona, inuwar da nake fakewa idan rana ta yi zafi ƙarfe ya yi zafi, malamar asibitin da ganinta kaɗai ke sauke mini zazzaɓi.

Ina gaishe ki gaisuwa mai nauyi, irin wadda sai an sa hannu biyu. Ki gaishe mini da Inna, da Yaya Babba wanda har gobe ba ya kirana da komai sai Tartsatsi.

Daga birnin nan nake rubuto miki, birnin da ya shiga tsakaninmu. Tun da aka ba ki aiki a babban asibitinsa kika ce ƙarshen wata za ki tafi, da ni ko ba ni. Ni kuma na bugi ƙirji na ce mutumin da ya fara walda da injin aro a gindin bishiya, har ya kafa shago mai ƙofa biyu, ba ya naɗe tabarmarsa ya bi kowa wani gari. Sai ga gayyata zuwa taron masu ƙere-ƙere, kuma a ina? A nan ɗin dai! Wa ya tsara wannan in ba Allah ba?

Tun a tasha aka fara da ni. Yaron mota ya ɗaga jakata, wadda na cika da samfurin makullai da ƙarafunan ƙofa, ya dire ta yana nishi ya ce, “Oga, taro za ka ko rushe gari?” Muka kama hanya. Kowane kogi muka haye sai in ga kamar dariyarki ce ke gudu a ƙarƙashin gada, kowace gona ta yi kore sai in tuna mayafin nan naki.

Kin san halina, ba na wuce ƙofar ƙarfe ban jijjiga ta ba. Ina isa otal na kama get ɗinsu na girgiza, maigadi ya taso da gudu: “Malam lafiya? Ɗaki ka zo nema ko ƙofa ka zo cirewa?” A zauren taron ma, da katin suna a wuyana kamar kowa, na kifa kujerata ina duba haɗin ƙafafunta, sai ga shugaban taro tsaye a kaina yana miƙo hannu. Na gaishe shi da hannu ɗaya, kujera a ɗayan. Ban ji kunya ba, ai sana'ata ce ta kawo ni. Da na baje kayana an taru, an taɓa, an yaba. Amma me yabo zai yi wa mutumin da ba ki cikin masu tafa masa?

Kin tuna ranar da kika fara zuwa shagona, riƙe da sandar rataye ledar ƙarin ruwa wadda ta karye a ƙaramin asibitinku? Kika tsaya kina kallon wutar walda ido buɗe, na daka miki tsawa na miƙa miki baƙin gilashina. Kika leƙa ta ciki kika ce, “Ashe kai taurari kake yi da rana tsaka.” Wayyo! Shekara da shekaru ina gaban wutar nan idona bai taɓa ciwo ba, amma kallo ɗaya da na yi miki ranar, har yau in na rufe ido ke nake gani.

To yau bayan azahar, ana tsakiyar jawabi, na zame. Na ce wa kaina kasuwar ƙarfe zan leƙa. Na hau motar haya, na sauka, na sake hawa wata, tituna masu faɗi, gidaje har sai wuya ya gaji da kallon sama. Ƙafar nan tawa, marar kunya, ba ta tsaya ko'ina ba sai bakin asibitinki. Na ga masu fararen kaya suna fitowa kamar balbelu sun tashi daga fadama, na ce nan za ta riƙa fitowa kullum, ta waiga dama ta waiga hagu, ba wanda ke jiranta. Ko kuma, wanda ya fi muni, a sami mai jiranta wanda ba ni ba! Zuciyata ta narke kamar darma.

Na bi layin da ke bayan asibitin, hannuna yana aikinsa. Wannan ƙofa ta karkace, waccan tana jan ƙasa, wata da igiya aka ɗaure ta. Unguwa guda babu mai walda! Wata dattijuwa da ke zaune a ƙofar gidanta ta ga ina jijjiga mata get, ta ce, “Ɗan nan, in gyarawa za ka yi bismillah, in ba haka ba ka bar shi ya mutu cikin mutunci.” Ta ce mai waldansu ya tashi tun bara. Shagonsa na nan a rufe a jikin gidanta, da ɗaki da falo a sama.

Na hau, ya hasken raina. Akwai taga mai kallon gabas, daga cikinta ana hango rufin asibiti. Ban san lokacin da tef ɗin awo ya fito daga aljihuna ba. Na auna tsawo, na auna faɗi, na sake aunawa, har dattijuwar ta ce, “Wannan awo haka, tagar za ka aura?” Na ce mata a'a Goggo, wadda za ta riƙa leƙowa ta ciki ce. Ta yi dariya ta ce za ta riƙe mini makullin zuwa ƙarshen wata.

Kada ki ɗauka na ce na yi kuskure, ban faɗa ba. Abin da na ce shi ne birnin nan yana bukatata, ƙofofinsa suna kuka, kuma ni ba na jin kukan ƙarfe in wuce. Tsohon shago abokin aikina zai riƙe. Wanda ya fara a gindin bishiya, zai ji tsoron farawa a ƙarƙashin tagarki?

Sai dai tagar nan ba ta da ƙarfe, kuma ba hannun da zai yi mata sai nawa. Zane biyu ke raina: furanni masu hawa kamar yabanya, ko taurarin da kika gani a gilashina. Ba zan kunna inji ba sai na ji daga bakinki. Jibi da yamma motarmu za ta iso tasha. Ba sai kin yi dogon bayani ba, ya ruwan sanyina, kalma ɗaya ta ishe ni: fure ko tauraro?

Naki, haɗin da ba ya ɓallewa ko an jijjiga,
Tartsatsinki