Ƙugiyar Laraba

Daura,
10 ga Fabrairu, 2025.

Zuwa ga bawana Sama'ila Yelwa, a Zango.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyali, yaya gwiwar taka? Allah ya ƙara sauƙi. Kada ka sake aiko mini da saƙon wai in kira ka a waya. Shekara ashirin da biyu na yi a kan injin jirgin ƙasa har kunnen ya tafi, ka fi kowa sani, tunda kai kana can wutsiya kana kaɗa tuta kana cin gyaɗa. Ni takarda ce wayata, Ikrima direban Zango kuma shi ne layina.

Hoton da ka buga ka aiko ya iso. Wato kamfanin nan na Turai mai tambarin zakara, mai ƙera ƙananan jiragen da ni da kai muke tarawa, ya ce bana zai fitar da kan jirgi na Afirka, amma inuwarsa kawai ya nuna don ya ja ran mutane. To ni na ɗora madubin ƙara girma a kan inuwar nan tun daga hantsi har azahar. Sama'ila, wallahi namu ne. Dubi gajeren hancin, dubi ƙahonnin nan biyu a bisa rufi, ƙirga ƙafafun, shida gaba da baya. Irin Laraba ce, koren kan jirgin da aka miƙa mini ranar Laraba a loko, garejin jiragen ƙasa, na tuƙa ta har na yi ritaya.

Bari in gaya maka abin da ya sa nake rawar jiki. Ka san shekara tara ke nan ina gina layin dogo a zaurena, daga Kano zuwa Daura, da tashoshi na katako da gonakin gero na tsintsiya, har rijiyar Kusugu na ƙera da yumɓu. Na kawo jirgi Daura tun kafin masu aikin sabon layi su fara haƙa. Amma duk jiragen da ke bin sa na Jamus ne da na Ingila, shi ya sa ban taɓa buɗe wa jama'a ƙofa ba. To ɗana Anwar ya matsa yana son zauren ya mai da shi shagon gyaran waya. Yaron bai yi laifi ba, ga mata ga 'ya'ya. Na yi masa alkawari a gaban yayyensa cewa in Babbar Sallah ta zo jirgi namu na gida bai zaga layin nan ba, da hannuna zan kwance shi in ba shi mabuɗi.

Ka bincika mini a zauren hirar nan naku na waya na masu tara ƙananan jirage, me masana ke cewa? A gaishe da Talatu da yara.

Ubangidanka,
Jafaru Mahdi.

Zango,
18 ga Fabrairu, 2025.

Direban Zaure,

Wa alaikumus salam. Gwiwa da sauƙi, Talatu na amsawa. Wannan bawa da kake kira na, don kawai babanka ne namiji uwata ƙanwarsa, ka ci gaba, akwai ranar ƙin dillanci.

Zaurenmu na waya mu arba'in da ɗaya ne daga Legas har Maiduguri, kuma babu mutum biyu da bakinsu ya zo ɗaya. Wani likita a Ibadan ya rantse na Kenya ne. Wani a Jos ya ce na Masar. Wani kuma ya ce ƙaninsa ya san mai share ofishin kamfanin, wai na Afirka ta Kudu ne, kuma har hayaƙi zai riƙa yi. Da na faɗi ra'ayinka sai aka turo mini fuskokin dariya goma sha biyu. Ka tuna bara ma haka ka rantse, abu ya fito na Maroko. Mai jiran gawon shanu dai ba ya rasa ganin ungulu.

Shawarata, ka fara neman kwalaye. Anwar ya fi ka gaskiya.

Af, na kusa mantawa. Jiya kamfanin ya saki hoto na biyu, ɗan gefen jirgin ne ƙarƙashin tagar direba. Akwai guntun rubutu a jiki, amma idona bai kama shi ba. Ga shi nan na sa Ikrima ya buga maka, ka ɗora madubin naka.

Wanda ya fi ƙarfin bauta,
Sama'ila.

Daura,
20 ga Fabrairu, 2025.

Sama'ila,

Assalamu alaikum. Gaisuwa a taƙaice, yau ba ni da lokacinta.

Ka je ka gaya wa likitan Ibadan da mai share ofis su zo su durƙusa! Rubutun nan cewa yake GIN KASA, ƙarshen LARABA JIRGIN ƘASA ke nan. A duk Reluwe babu kan jirgin da ke da wannan rubutu sai ɗaya. Ni na roƙi marigayi Auta mai fenti ya rubuta mini shi ƙarƙashin tagata, irin yadda ake yi wa manyan motoci, har manaja ya yi mini faɗa sannan ya kau da kai. Ba irin Laraba za su ƙera ba, ita kanta ce. Ina jin wani Baturen yawon buɗe ido ya taɓa ɗaukar ta hoto, shi suka samu. Da na gane haka sai na zauna a ƙasa na yi kuka, ban ɓoye maka ba.

Sai dai murnar ba ta kai la'asar ba. Sake duba hoton. Sun rubuta KASA, babu ƙugiya a kan harafin farko. Ka san me suka mai da ita? Jirgin kasa, macijin nan mai kauri da ke kwance a hanya ba ya motsi. In ba shi ba, to jirgin da ya kasa, ya gaza. Laraba da ba ta taɓa kwana a daji ba ko sau ɗaya! Auta kuwa sai da ya sake tsoma buroshi musamman ya lanƙwasa ƙugiyar nan, ina tsaye. Mu Daurawa tun a rijiyar Kusugu muka raba gari da maciji, ba a zaurena za a dawo da shi ba.

Ga wasiƙa nan na rubuta wa kamfanin. Ka aika wa 'yarka Hadiyya a jami'a a Kano ta juya ta Turanci ta tura musu. Ga kuma hoton Laraba, shi kaɗai gare ni, wanda nake tsaye da matata marigayiya Rahmatu ranar da ta kawo mini fura tasha. Ƙugiyar ta fito sarai a ciki. Ku ɗauke shi a waya ku dawo mini da abina, kada maiƙo ya taɓa shi.

Ubangidanka ko ka ƙi ko ka so,
Jafaru.

Zango,
14 ga Afrilu, 2025.

Jafaru,

Assalamu alaikum. An sha ruwa lafiya, an yi Sallah lafiya? Allah ya maimaita mana. Ga hotonka nan cikin leda biyu.

Na jinkirta rubutu ne don ban san ta inda zan fara ba. Kamfanin ya amsa wa Hadiyya. Sun ce sun gode ƙwarai, ba su san akwai harafi mai ƙugiya ba, sun ɗauka tabon tsatsa ne a tsohon hoton sai suka goge shi. Za su gyara. Amma sun riga sun buga jikin jirgi ɗari huɗu, dole su sake, don haka maimakon farkon Mayu sai watan Satumba zai fito. Babbar Sallah kuwa farkon Yuni ce.

Garin gyaran gira ka rasa ido, ɗan'uwa. Da ka yi shiru, da jirgi ya zo a kan lokaci, ka sa tsinke da farin fenti ka yi ƙugiyarka a zaure, wa zai sani? Zauren waya ma ya kama da wuta. Likitan Ibadan ya ce wani tsoho a Daura ya ja musu jiran wata huɗu saboda ɗigon alƙalami. Na tanka masa da abin da ba zan rubuta a takarda ba, har aka fitar da ni na kwana uku.

Ka bar wasa, in gaya maka. Ɗakin da nake ajiye buhunan gyaɗa babu kowa. Bai kai zaurenka ba, sai an yanke layin daga Kazaure, amma ya fi kwali. Ka yi tunani.

Naka,
Sama'ila.

Daura,
21 ga Mayu, 2025.

Ɗan'uwana Sama'ila,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina kuma gode maka da ɗakin gyaɗa. Yau ban ce maka bawa ba, ka rubuta ranar.

Na yi wata guda ina juya maganarka. Gaskiya ne da tsinke zan iya gyara tawa. Sauran ɗari uku da casa'in da tara fa? Su tafi Jamus da Japan da ko'ina, yara su tashi suna karanta sunan Laraba da maciji a jiki? Ban yi nadama ba. Abin dai da ciwo, ba zan ce babu ba.

Anwar ya zo shekaranjiya yana sosa ƙeya, ya ce, "Baba, in kana so a ƙara wata huɗun, ai ba komai." Na ga idonsa, ya riga ya yi magana da kafinta. Na ce masa direban da ya saba ɗaga lokacin tashi ba direba ba ne, alkawari kuma kaya ne. Ranar Laraba kafin Arfa zan fara cire ƙusoshi. Da ita na fara, da ita zan gama. Ka shirya mini a-kori-kura washegarin Sallah, kuma a zo da barguna saboda rijiyar yumɓun.

Wassalam,
Jafaru Mahdi.

Zango,
3 ga Yuni, 2025.

Kurma,

Salamu alaikum. Gobe da safe Ikrima zai kawo maka wannan takarda tare da wani kwali. Kada ka taɓa ƙusa ko ɗaya sai ka buɗe shi. Kwana tara ke nan yana ƙarƙashin gadona, ta hannun Hadiyya ya zo. Na riƙe shi ne don in rama bautar shekara sittin, kuma don na ga ya fi kyau ya same ka ranar Laraba. In ka ga dama ka kai ƙara.

Sama'ila.

Daura,
Ranar Arfa, 5 ga Yuni, 2025.

Sama'ila, mugu ɗan ƙanwar ubana!

Assalamu alaikum. Allah ya isa kwana taran nan, sannan Allah ya yi maka albarka, kai da Hadiyya da duk zuriyarka.

Jiya Ikrima ya same ni da filaya a hannu, na riga na ɗaga rufin tashar Kazaure. Na buɗe kwali, ga takarda a sama, Anwar ya karanta mini da ƙarfi a kunnen dama. Wai wannan shi ne samfurin farko da aka gyara, guda ɗaya tak a duniya, sun aiko wa direban Laraba ya duba, in ya yarda sannan su buga sauran. Ka ji fa, sai na yarda! Ka gaya wa likitan Ibadan jirginsa na jiran sa hannuna.

Na zare ta daga cikin soso. Tsawonta bai fi tafin hannuna da yatsu ba, amma komai nata na nan, koren fentin, ƙahonni biyu, har lotsawar da saniya ta yi mata a matakala kusa da Kano. Na ɗora madubi ƙarƙashin taga. Ƙugiyar nan tana nan, siririya kamar gashin ido, ta lanƙwasa daidai yadda Auta ya yi ta. Kuma a cikin tagar sun sa ɗan mutum mai hula zanna, a ƙasa kuma cikin wata 'yar leda ga mace ɗauke da ƙwarya, wai a tsayar da ita a tasha. Daga hoton suka ɗauko. Anwar ya riƙe ta a tafin hannunsa ya daɗe, sannan ya ce, "Baba, Inna ce." Shi ya ajiye ta a tashar Daura da kansa.

Sai batir ya ƙi. Wayar da ke kawo wuta daga sola ta tsinke a wani wuri. Yaron nan ya ɗauko kayan gyaran wayarsa ya kwanta ƙarƙashin tebur da farar shaddarsa, minti goma ya haɗa. Na murɗa makunni, Laraba ta tashi daga Kano da tarago shida, ta ratsa gonakin gero, ta wuce Kusugu ko waiwaye babu, ta tsaya cak a gaban Rahmatu. An ce har ƙaho ta busa. Ni ban ji ba, amma na ɗora hannu a kan tebur na ji shi a ƙashina.

Na ce a buɗe ƙofar zaure. Kafin azahar unguwa ta cika shi, har liman ya zo, da masu kiran nawa Direban Zaure, suna turereniya suna roƙon a sake zagaye ɗaya. Anwar ya ce zai kafa kwantena a jikin katanga ta waje, wai ma ya fi, tunda masu zuwa kallo duk da waya a aljihunsu. Mabuɗin zaure kuma na ba shi ɗaya, shi ne sabon injiniya.

Na sa hannu a takardarsu na ce su buga. Jiya dai jirgin kasa namu na kanmu ya shigo Daura, kuma ni na tuƙo shi. Ka zo ka gani da idonka. Barka da Sallah tun kafin ta zo.

Ubangidanka har gobe,
Jafaru Mahdi, direban Laraba.

Zango,
8 ga Yuni, 2025.

Ranka ya daɗe Direba,

Wa alaikumus salam, barkanmu da Sallah. Na karanta wasiƙarka sau uku, Talatu ta ce in daina share ido da hannun riga.

Amma duba layi na biyun ƙarshe. Ka rubuta "jirgin kasa namu", babu ƙugiya. Kai da ka tsayar da kamfanin Turai wata huɗu! Na sa takardar a leda biyu na kulle a akwati, daga yau kuma sai mu ga wane ne bawan wani.

Ranar Laraba ina tafe a bayan babur, gwiwa ko ta so ko ta ƙi. Na fito da tsohuwar koriyar tutata, Talatu ta wanke ta ta goge. Kada jirgin nan ya sake tashi daga Kano sai na ɗaga masa.

Mai tutarka,
Sama'ila Yelwa.