Maratayin Kotso

Badariya, Birnin Kebbi
28 ga Oktoba

Zuwa ga Inno,

Gaisuwa mai yawa da ladabi. Ina gajiya, ina ƙafar nan taki mai ciwo? Ina mutanen Augie da aikin yankan shinkafa? Mu nan lafiya lau, surukarki Zakiyya na gaishe ki, jikokinki sun cinye ƙuliƙulin tun ranar da ya iso.

Inno, masu son kiɗan gargajiya na garin nan sun shirya taro a wani zaure a Gesse, Asabar uku a jere, daga la'asar zuwa gab da magariba. Asabar ta farko goge, ta biyu garaya, ta uku kotso. Wanda zai riƙe kotson kuwa shi ne ɗanki na fari, Yaya Yari. Fadimatu, ke da ke karanta mata, in kin zo sunan ki rage murya, amma kada ki tsallake.

Na san al'ada. Ba ki faɗin sunansa, ba ki zama inda yake, tun muna yara sai dai ki ce "wancan". Amma na tsaya wurinsa a Argungu ranar kasuwa, ya gaya mani wannan ne kiɗansa na ƙarshe, daga shi zai rataye kotso ya koma gona. Ya ce shekara talatin yana kiɗa, uwarsa ba ta taɓa saurare ba, ya tabbata sana'ar ce ba ki so. Na ce masa ai sana'ar Baba ce, da ita aka aure ki.

Ni ɗan kasuwa ne, na san wanda ke ciniki da wanda ya gama. Yaya ya kusa gamawa. Ki zo, ko bayan ƙofa ne ki zauna.

Ɗanki,
Hodi

Badariya
11 ga Nuwamba

Zuwa ga Inno,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta gida duka. Saƙonki ya iso ta bakin Fadimatu, cewa tsohuwa ba ta zuwa kallon ɗanta na fari a bainar jama'a, kuma in bar maganar. Na bar ta. Kin san ni, ba na ja da mai kaya.

An yi na goge shekaranjiya. Zauren ya cika, har wani tsohon malamin makaranta ya yi ta share ido da bakin hularsa. Na faɗa ne kawai don labari.

Ga wata magana dabam. Fadimatu ta ce kin daina iya zura zare a allura. Akwai mai duba ido a nan, abokin cinikina ne, shekara biyar yana sayen albasa wurina bai taɓa tsintar ruɓaɓɓiya ba. Na yi maki magana da shi. Ba ya da wata rana sai Juma'a, 22 ga wata. Ki taho Alhamis, ki huta Asabar, Lahadi in sa ki mota. Fadimatu, ban ce ki yi dariya ba, karatu aka sa ki.

Ɗanki mai biyayya,
Hodi

Badariya
25 ga Nuwamba

Zuwa ga Yaya Yari,

Gaisuwa da fatan kun isa Argungu lafiya, kai da 'yan amshi. Ina gajiyar kiɗa, ina iyali? Da na kira ka a waya, amma waya ba ta ajiye magana, wannan kuwa ta ajiyewa ce.

Ka fita ta ƙofar gaba ranar Asabar mutane na ja maka riga, ba ka san Inno na cikin zauren ba. Ni na kawo ta da sunan duba ido. An yi mata tabarau ranar Juma'a, Asabar na ce mu je Gesse gaida wata 'yar'uwar Zakiyya, wadda ni kaina ban san da ita ba. Da muka tsaya bakin zauren ba ta tambaye ni komai ba. Ta shiga layin mata na ƙarshe, ta juya kujerarta ta fuskanci bango. Haka ta zauna tun daga sharar fage har ka tashi. Na zauna kusa ina jin kamar na yi asarar mota guda ta albasa. Abu ɗaya na lura, lokacin da ka shiga taken nan na Baba, babban yatsan ƙafarta na motsi cikin takalmi.

Jiya a tasha, har ta zauna cikin mota, sai ta kira ni bakin taga. Ta ce maratayin kotson wancan ya ci wuta ta kafaɗar hagu, saura kaɗan ya tsinke, ba a shiga gaban mutane da irinsa. Yaya, ka gaya mani yadda mai kallon bango ke ganin kafaɗar hagu.

Sannan ta kwance ƙunshinta ta miƙo mani maratayin Baba, farin saƙin nan da ta ɗinka masa da hannunta, wanda muka nema muka rasa bayan rasuwarsa. Shekara goma sha ɗaya yana ƙasan akwatinta. Tun daga Augie ta ɗauro shi, kafin likita, kafin tabarau. Ni da nake ganin na yi mata wayo, ashe kuɗin mota kawai na biya. Ta ce in ba wancan, in ce masa wannan zai kai shekara ashirin in ana kula da shi.

Masu taron sun zo rumfata yau da safe, suna son su sake shiryawa bayan ƙaramar Salla, suna tambaya ko gaskiya ne ka daina. Na ce su rubuta sunanka. Maratayin na wurina, kuma ba zan ba direba ba. Ka taho da kotson mu ɗaura shi nan.

Ƙanenka,
Hodi