Zoben da Ka Ƙera Mini, Baba

Assalamu alaikum, Baba. Bayan gaisuwa da girmamawa, ɗanka ne Umaru, daga makarantar Midil. Na san takardar nan ba za ta iske ka ba, ko da ma ta iske ka sai an karanta maka. Duk da haka zan rubuta.

Ban taɓa ba ka labarin ajin kimiyya yadda ya kamata ba. Ranar farko malaminmu ya jera mana abin da yake so: littafi mai tsabta, zane da fensir, kuma kada a rubuta komai sai abin da ido ya gani. Ya ce kafin ƙarshen shekara kowa zai fito gaban aji ya yi gwaji ɗaya da hannunsa. Wanda ya kasa zai maimaita aji.

Nawa gwajin na ƙwallon ƙarfe da zobe ne. Da sanyi ƙwallon na wucewa ta cikin zoben, in aka gasa shi sai ya ƙi. Na makaranta guda ɗaya ne, yana kulle cikin kabad.

Da na zo hutu Tambuwal na same ka a maƙera, na yi maka bayanin nan ina ta kumbura. Ka ajiye masaba, ka yi dariya har da tari. Ka ce, "Wanga ne aka kai ka Sakkwato ka koya? Tun ban yi gemu ba nika ganin ƙarfe na buɗewa cikin wuta." Na ji kunya. Amma da zan koma ka sa na zana maka girman zoben a ƙasa, ka auna da tsinke, ka soke tsinken a hularka.

Ana saura kwana biyu gwajin, ƙanenka Baba Sani ya zo. Ya ce ka kai fartanya kasuwar Kebbe, zazzaɓi ya kama ka a can, kwana uku aka yi. Ya ce har an yi sadakar bakwai. Ya miƙo mini ƙunshin tsumma, da ƙwallo da zoben da ka ƙera mini a ciki. Ƙwallon ya yi sumul. Zoben kuwa gefe ɗaya ba ka gama gogewa ba.

Na ce masa na gode. Na tambaye shi ya hanya.

Ranar Laraba na fito gaban aji. Na gasa ƙwallon, ya ƙi wucewa. Na tsoma shi a ruwa, ya wuce. Malam ya juya zoben, ya tambayi wa ya ƙera. Na ce wani maƙeri ne a garinmu. Ban san abin da ya sa na ce "wani" ba, Baba. Na zo na biyu a aji.

Har yau ban yi kuka ba. Ina cin tuwo, ina shiga aji, ina wanke kayana ranar Asabar. Inna ta aiko tana tambaya ko zan dawo in buɗe maƙera, ta ce ɓeraye sun fara cin zugazugin. Malam kuma ya sa sunana cikin masu wucewa gaba. Na ce wa Inna to, na ce wa malam to. Kai kaɗai za ka raba wannan magana, da kalma ɗaya.

Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata makwancinka, Ya sanyaya maka ƙasar Kebbe da ban taɓa takawa ba. In an ba mu hutu zan je in nemi wanda zai nuna mini inda kake.

Ɗanka,
Umaru