Gurbin Mahaifina a Jirgin Bakwai ga Disamba

Zuwa ga:
Doña Nohemí Villadiego,
Babbar Manaja, Kamfanin Tafiye-tafiye na Brisa Clara,
Cartagena.

Daga:
Marelvis Cassiani Julio,
Unguwar Olaya Herrera, Cartagena.

21 ga Oktoba, 2024

Game da: Ƙin sauya sunan marigayi mahaifina da na kakana a tafiyar 'yan shekara sha biyar

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina neman afuwa idan na kauce wa tsari, domin ban taɓa rubuta irin wannan takarda ba.

Ina cikin 'yan mata ashirin da huɗu da kamfaninku zai kai tsibiran Aruba da Curaçao a jirgin ruwa ranar 7 ga Disamba, don bikin cikarmu shekara sha biyar. Mahaifina, Dairo Cassiani, shi ya yi mana rajista ni da shi tun watan Fabrairu, saboda ya san ba zan iya tsayawa gaban mutanen unguwa cikin doguwar rigar biki ba. Ya ce a tsakiyar teku ko na taka masa ƙafa a rawa, kifi ne kaɗai shaida. Allah ya yi masa rasuwa ranar 3 ga Yuni. Mahaifiyata ba ta da halin barin aiki da ƙannena biyu, sai muka tsayar da cewa kakana, Don Ubaldo, wanda ya haifi mahaifina, shi zai maye gurbinsa. Ga abin da ya biyo baya:

1. Ranar 8 ga Yuli ni da mahaifiyata muka je ofishinku da wannan buƙata. Ma'aikacinku Señor Éder ya ce mu kawo takardar shaidar rasuwa. Mun kawo ranar 15. Ranar 20 ga Agusta ya sanar da mu cewa na'ura ba ta karɓar sauyin mutum, sai dai a soke gurbin gaba ɗaya, a bai wa na layin jira. Da na tambayi wanda zai raka ni kenan, ya ce kada in damu, ai jirgi cike yake da manya.

2. Har yau saƙonninku suna shigowa wayar mahaifina, wadda yanzu take hannun mahaifiyata. Na ranar 8 ga wannan wata yana tuna wa Don Dairo cewa saura kwana sittin ya yi rawa da gimbiyarsa. A cikin motar haya ta karanta shi, a hanyarta ta zuwa aiki. Sau biyu na roƙa a daina turowa, sau biyu aka ce an gyara.

3. Ranar Asabar 19 ga Oktoba aka fara koyon rawar uba da 'ya da za a yi a jirgi. Kakana ya sa farar rigarsa ta zuwa coci ya raka ni. Mai gadi ya duba takarda bai ga sunansa ba, ya nuna masa benci a waje. A ciki mai koyarwa ta ce a jirgi za a haɗa ni da ɗaya daga cikin samarin ma'aikata, kafin nan in riƙe wayar kiɗa, in kunna in kashe duk lokacin da ta ɗaga hannu. Awa biyu na yi ina wannan. Da na fito kakana ya tambaye ni ko na iya, na ce masa na iya. Ban saba yi masa ƙarya ba.

Saboda haka ina roƙon ki, kafin a rufe jerin sunaye ranar 31 ga Oktoba, ki ba da umarni a sa sunan Ubaldo Cassiani a gurbin ɗansa, a cire lambar mahaifina daga saƙonninku, a kuma bar kakana ya shiga ɗakin koyon rawa daga wannan Asabar. Fasfonsa a shirye yake, na haɗo kwafinsa da na takardar rasuwar.

Idan hakan ba zai yiwu ba, ina neman a soke nawa gurbin shi ma. Kin san cewa kafin rawar, uba ne ke durƙusawa ya cire wa 'yarsa takalmin yarinta ya sa mata mai tsini. Ba zan miƙa ƙafata ga wanda bai san sunana ba. Kakana shekararsa saba'in da takwas, gwiwarsa ta hagu ba ta lanƙwasuwa sosai. Kullum da safe yana dafa kujera a tsakar gida yana gwada durƙuso, yana cewa saukar ya riga ya iya, tashin ne ya rage. Yana zaton a takardar mai gadi kaɗai aka manta da shi, ni kuwa ban gaya masa cewa ba ya cikin jerin masu tafiya ba. Ina fatan amsarki za ta riga ni.

Ki huta lafiya.

Taki cikin ladabi,
Marelvis Cassiani Julio